Adafta Mai Haƙora Tara

Akwai wani ma'aikacin gidan rediyo da kowa ke kira Minti-Biyar. Aikinsa na ainihi haɗa sauti ne: ya zauna bayan gilashi, ya ɗaga murya, ya sauke murya, ya saka talla idan lokacinta ya yi. Wannan kam ya iya daidai gwargwado. Matsalarsa ɗaya ce, bai taɓa ganin aikin da ya fi ƙarfinsa ba. Famfo ya lalace, aikin minti biyar ne. Motar ofis ta ƙi tashi, aikin minti biyar ne. Fankar ɗakin labarai da ya gyara bara har yau tana juyawa, sai dai silin take yi wa fifita, kuma ya riga ya bayyana wa mutanen ɗakin cewa haka ake yi yanzu a ƙasashen da suka ci gaba.

Mai kula da kwamfutoci da intanet na gidan wata matashiya ce da ake kira Shiru-Shiru, don sai ta wuni ba ta yi magana goma ba. A makon nan an tura ta kwas na kwana huɗu a wani gari mai nisa. Kafin ta tafi aka kawo sabuwar rauta, wato na'urar da ke raba wa gidan intanet, don a canza tsohuwar da ke ɗan ɗakin na'ura bayan ɗakin labarai. Tsohuwar tana aiki, amma fankar cikinta na wani gurnani kamar dattijo mai mura. Shiru-Shiru ta ajiye kwalin sabuwar a ƙarƙashin tebur, ta rubuta a kansa da manyan baƙaƙe: KADA A TAƁA SAI NA DAWO.

Ana kuma neman shugaban sashen injiniyoyi a gidan, Manaja ta ce ƙarshen wata za ta yanke shawara. Minti-Biyar ya yi kwana uku yana wucewa ta gaban kwalin nan yana kallonsa. A rana ta huɗu, ranar da Shiru-Shiru za ta dawo da yamma, ya ga cewa in bai yi yau ba, ya rasa ke nan.

Ƙarfe tara na safe Manaja ta leƙo ɗakin na'ura ta tarar da shi a tsugune, kwali a buɗe.

"Me aka rubuta a jikin kwalin nan?"

"Na gani, ranki ya daɗe. Ai ba taɓawa zan yi ba, haɗawa zan yi."

"Ƙarfe huɗu muna da likitar yara daga ƙasar waje, ta intanet za ta yi magana. Mako guda muna sanar da mutane."

"Shi ya sa nake sauri. Babbar likita kamar wannan, a ce muryarta ta bi ta cikin wannan mai tarin? Ai sai a zage mu."

"Ka taɓa haɗa irinta?"

"Irinta? Na haɗa iyayenta."

Manaja ta buɗe baki za ta yi magana, wayarta ta yi ƙara. Ta ɗaga masa yatsa alamar ya jira, ta fita tana amsawa. Minti-Biyar ya duba yatsan nan da kyau, ya fahimci cewa ana nufin ya gama cikin awa ɗaya.

Kebul goma sha biyu ne a bayan tsohuwar rauta, duk kalarsu ɗaya. Ya zare su gaba ɗaya ya zube a ƙasa. Da yake mutum ne mai son sanin tushen abu, sai ya kwance tsohuwar ma don ya ga abin da ke sa ta tari, ya zuba kusoshinta a kofin shayi, ya jera kayan cikinta a kan jarida.

Daga ɗakin labarai aka fara kira.

"Intanet ya ɗauke!"

"Ana aiki," in ji shi.

Ya jona sabuwar da wuta. Fitilu suka kama, kore da ja, gwanin sha'awa. Ya cusa mata kebul goma sha biyun nan duk inda ya ga rami. Ya jira. Ba abin da ya faru. A ƙasan kwali ya sami wata takarda, ya karanta ta a ɓoye, don ba ya son a gan shi yana karanta takardar bayani. Takardar ta ce na'urar ba ta san komai ba tukuna, sai an shiga cikinta da kwamfuta ta wata ƙaramar ƙofa da ke gefe an gaya mata aikinta. Ga kuma kebul ɗin da ake shiga da shi, shuɗi, faffaɗa kamar madaurin takalmi. Kansa ɗaya ya shige jikin rauta tsaf. Ɗaya kan kuwa faffaɗa ne mai ramuka tara, biyar a sama, huɗu a ƙasa.

Ya ɗauko laftof ɗin sashe, ya juya shi dama, ya juya shi hagu, ya ɗaga shi ya leƙa ƙarƙashinsa. Ya sami wani wuri mai kama da shi, amma shi ma ramuka ne. Ya haɗa rami da rami ya danna. Suka kalli juna.

Murya, mai gabatar da shirin ƙarfe huɗu, ya tsaya a bakin ƙofa da kofin shayinsa.

"Injiniya, ya ake ciki?"

"Kuskuren masana'anta ne. Mace suka aiko, shi ma laftof ɗin mace ce."

"To ai ba a ɗaura wannan auren."

"Za a ɗaura."

Nan wayarsa ta yi ƙara. Shiru-Shiru ce, daga cikin bas, don wani daga ɗakin labarai ya riga ya kai mata ƙara.

"Yaya, ka buɗe kwalin?"

"Na ɗan duba shi."

Daga nan ta fara maganar da ta fi kowace tsawo a tarihin aikinta.

"Mayar da tsohuwar."

"Tana hutawa."

"To saurara. Adafta kake bukata, daga USB zuwa siriyal, wato bakin nan mai ramuka tara. Nawa yana cikin jakata. Ka je shagon kayan kwamfuta, ka ce namiji, haƙora tara, layi biyu. Ka tambayi mai shago wanda laftof ke ganewa da kansa, kada ka duba kyan jiki, abin da ke cikinsa ne magana. In ka jona, kada ka canza gudun da..."

"Ƙanwata, ni za ki koya wa adafta? Ina haɗa waya kina rarrafe."

"Yaya, ka rubuta dai."

"Na rubuta a kai."

Ya kashe kiran. Don kada a riƙa katse masa tunani, ya kashe wayar ma gaba ɗaya.

Shagon yana bayan titi biyu, ɗan ƙarami, kebul na rataye har saman ƙofa kamar jijiyoyin bishiya. Mai shagon dattijo ne mai tabarau a kan karan hanci, yana cin gyaɗa a hankali.

"Adafta nake so," in ji Minti-Biyar. "Na manyan injiniyoyi."

"Daga me zuwa me, yallaɓai?"

"Daga USB zuwa mai haƙora."

"Haƙora nawa?"

"Nawa kake da su?"

Mai shago ya dube shi ta saman tabarau. Ya ciro guda uku ya jera a kan kanta. Na farko baƙi ne, gajere, a cikin leda, ba ado ba komai. Na biyu shuɗi ne garai, ana ganin cikinsa, da ɗan faifai a manne. Na uku yana cikin kwali mai ƙyalli, bakinsa ruwan zinariya.

"In rauta za ka shiga, wannan baƙin ne naka. Shuɗin ma siriyal ne, amma ƙwaƙwalwar cikinsa ta jabu ce, wani laftof ɗin ya karɓa, wani ya ƙi. Wannan na kwalin kuwa ba naka ba ne sam, na majigi ne, hoto yake kaiwa."

Minti-Biyar ya ɗauki na kwalin ya ƙirga haƙoransa. Goma sha biyar. Ya ƙirga na baƙin. Tara.

"Malam, ka ga na yi maka kama da wanda za a ba wa tara alhali ga sha biyar?"

"Ramukan naka nawa ne?"

"Wannan ba matsalarka ba ce. Gara a yi rara."

"Ba zai shiga ba."

"Kai kana sayarwa ne, ni ina aiki da su."

Mai shago ya jefa gyaɗa ɗaya a baki ya ce Allah ya ba da sa'a.

Bai shiga ba. Faɗin bakin daidai yake, har ya ba mutum ƙwarin gwiwa, amma haƙora layi uku ne, ramuka layi biyu. Minti-Biyar ya yi lissafi: sha biyar a cire tara, saura shida. Ya aika aka karɓo masa filaya. Mutanen ɗakin labarai, da yake ba su da intanet ba su da aikin yi, suka taru a bakin ƙofa suna kallon cirar haƙori.

"Ka yi masa allurar kashe zafi?" in ji wata mai karanta labarai.

Bai kula ta ba. Ya cire layin tsakiya kaf, guda biyar, ya ƙara ɗaya daga ƙasa. Ya ɗaga shi sama don kowa ya shaida: biyar a sama, huɗu a ƙasa. Ya saita, ya danna. Ya ƙi. Ya sa gwiwa ya danna. Aka ji ƙas. Da ya zaro, haƙoran tara duk sun kwanta, kowanne ya kalli gabarsa.

"Na gane," in ji shi. "Ƙarfensu ba shi da kyau."

Sha ɗaya da rabi ya koma shago. Mai shago ya karɓi gawar adaftan ya juya ta a tafin hannu.

"Hatsari ya yi?"

"Gwaji na yi masa, ya faɗi."

Dattijon ya tura masa baƙin gabansa. Minti-Biyar ya ture shi gefe da bayan hannu, ya ɗauki shuɗin.

"Wannan yana da fitila?"

"Biyu. Suna ƙyaftawa."

"Baƙin fa?"

"Ba shi da fitila. Aiki kawai yake yi."

"Ga shi ko faifai ba a haɗa masa ba."

"Ba ya bukata, laftof na gane shi da kansa. Shi wannan sai an sa masa direba, in ma ya yarda."

"Abin da aka rubuta wa faifai guda, shi za ka haɗa da wanda aka jefa a leda?"

"Yallaɓai, ƙarfe shida nake rufewa," in ji mai shago. "Na faɗa maka ne don ka tsara zirga-zirgarka."

Wannan karon haƙora suka shiga ramuka lafiya lau, har ya ɗaure ƙananan kusoshin gefe. 'Yan kallo suka tafa. Ya cusa ɗaya kan a laftof, fitilu biyu suka ƙyafta. Ya juyo ya kalli jama'a ɗaya bayan ɗaya, musamman mai maganar allura. Sai laftof ya fito da saƙo a ƙasan allo.

"Me ya ce?" in ji Murya.

"Direba yake nema. Ƙaramin abu ne."

Direba a wajen masu kwamfuta 'yar manhaja ce da ke gabatar da sabon kaya ga laftof, amma ba kowa ya san haka a ɗakin labarai ba. Kafin minti uku sai ga direban motar gidan ya shigo da makulli a hannu, yana goge baki.

"An ce ana nemana da gaggawa. Ina za mu?"

"Ba kai ba."

"Ni kaɗai ne direba a gidan nan, Injiniya. In an ɗauki wani a gaya mini."

Da ƙyar aka lallashe shi ya koma, yana cewa shekararsa goma sha ɗaya a nan bai taɓa ko goga mota ba.

Direban da ake nema yana cikin ɗan faifai. Laftof ɗin kuwa ba shi da wurin saka faifai. Kwamfutocin ɗakin labarai ma haka. Wuri ɗaya ne a duk gidan ke cin faifai, na'urar kiɗa ta ɗakin watsa shiri.

"Faifai faifai ne," in ji Minti-Biyar. "In ta karanta shi, sai in ji abin da ke ciki."

"Da kunne?" in ji Murya.

"Shekara nawa ina aikin sauti?"

Na'urar irin mai zuƙe faifai ce ta wata 'yar tsaga, an yi ta don manyan faya-fayai. Ta zuƙe ƙaramin, ta yi wani ƙugi, ta yi shiru. Aka danna mata ta fito da shi, ta ƙi. Aka kashe aka kunna, ta ƙi. Minti-Biyar ya zura mata cokali, cokalin ma da ƙyar ya dawo. Mai shirin waƙoƙin rana, da ya ga abin da ya samu, ya shaida wa masu sauraro cewa yau ranar hira ce, ya shiga ba su labarin yarintarsa.

Saura a sauko da direban daga intanet, intanet kuwa yana kan jarida a kwance. Mai karanta labarai ta jona masa na wayarta, bisa sharaɗin ya daina cewa minti biyar. Ya sauko da direba na farko, laftof ya sa masa alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa. Ya sauko da na biyu, haka. A na uku fitilun adafta suka ƙyafta da sauri, allon laftof ya rikiɗe ya zama shuɗi fes, da rubutu fari.

"Wannan fa?" in ji Manaja, wadda ta iso daidai lokacin.

"Ya karɓa, ranki ya daɗe. Kin ga kalarsu ta zama ɗaya da adaftan."

Laftof ya mutu, ya tashi da kansa. Ya sake jonawa, ya sake yin shuɗi, ya sake mutuwa.

"Sau nawa zai karɓa?"

"Yana sabawa ne."

Manaja ta duba agogo. Biyu da kwata. Ta dubi kayan cikin tsohuwar rauta a kan jarida, ta dubi kofin kusoshi, wanda wani ya riga ya zuba wa shayi bisa kuskure.

"Na kira Shiru-Shiru, suna wurin da ba sabis. Wayarka kuma a kashe. Ka mayar da tsohuwar yadda take."

Minti-Biyar ya dubi jaridar shi ma. Akwai wani ɗan ƙarfe a kanta da bai tuna daga inda ya fito ba.

"Komawa baya ai ya fi nisa yanzu, ranki ya daɗe."

Karo na uku da ya shiga shago, mai shago bai ɗago kai ba. Baƙin adaftan yana kan kanta a cikin leda, an riga an ɗaure bakinta.

"Tun sha biyu na ɗaure maka."

"Ba don kai ka faɗa zan ɗauka ba. Bincikena ne ya kawo ni kansa."

"Haka ne, yallaɓai. Binciken ya yi tafiya."

Ya jona baƙin. Ba fitila, ba faifai, ba gargaɗi. Laftof ya yi ɗan ƙara ya ce ya gane shi. Abin ya ɗan ɓata wa Minti-Biyar rai, don ba wanda ya tafa. Ya buɗe manhajar da yake ganin Shiru-Shiru na amfani da ita, mai baƙin allo. Ta nuna masa wani ɗan akwati na gudun magana tsakanin laftof da rauta, an riga an rubuta dubu tara da ɗari shida a ciki. Ya duba jerin sauran lambobin, ya ga har akwai dubu ɗari da sha biyar da ɗari biyu.

Ya yi tsaki.

"Shi ya sa intanet ɗin gidan nan ke tafiyar hawainiya. Yarinya ta ɗaure shi a dubu tara."

Ya zaɓi babbar lambar ya danna. Baƙin allo ya buɗe. Ya buga maɓalli, sai rubutu ya fara zubowa: ƙananan akwatuna, alamomin tambaya a kife, haruffa masu ƙaho da wutsiya, layi bayan layi.

"Ta yi magana!" in ji shi.

Aka matso. Mai karanta labarai, wadda ta iya harsuna huɗu, ta sa tabarau ta duba ta cire.

"Wane yare ne wannan?"

"Yaren na'ura. Ba a koyar da shi a makarantarku."

"Me ta ce?"

Ya bi layin farko da yatsa. "Gaisuwa ce. Tana cewa an wuni lafiya."

"Na biyun fa?"

"Tana ƙorafi ne kan yadda aka bar ta a kwali."

Ya rubuta mata amsa. Ta ƙara zubo akwatuna. Ya gyaɗa kai kamar mai jin abin da ya daɗe yana zargi. Haka suka yi ta hira har huɗu saura biyar, intanet bai dawo ba.

Murya ya tsaya a ɗakin watsa shiri ya lissafa abin da ya rage masa. Ba likita. Ba kiɗa. Ba talla, don tallace-tallacen suna cikin wata kwamfuta da sai ta rauta ake kai gare ta. Eriya dai tana tsakar gida tana aikinta, wato gari na jin su sarai, kuma akwai awa guda da za a cika. Ya dubi Manaja. Manaja ta dubi silin. Ya ɗauki makirufo mara waya da wayar da masu sauraro ke kira, ya nufi ɗakin na'ura.

"Jama'a masu sauraro, barkanmu da yamma. Likitarmu tana can tana jira, mu ma muna nan muna jira. A tsakaninmu akwai wata na'ura, a gabanta kuma akwai injiniyanmu. Injiniya, gaya wa jama'a halin da ake ciki."

Da wani ne, da ya ce a kashe makirufo. Minti-Biyar gyara wuyan riga ya yi. Shekara tara yana bayan gilashi yana ɗaga muryar wasu.

"To, alhamdu lillahi. Mun shawo kan matsalar kashi casa'in da tara. Yanzu haka muna tattaunawa da na'urar a yarenta."

"Ko za ka karanta wa masu sauraro kaɗan?"

Ya karanta. Ya ce akwati, akwati, alamar tambaya, wani abu mai kama da ƙugiya, akwati. Ya fassara da cewa tana neman a ƙara mata haƙuri.

Waya ta yi ƙara. Wata uwa ce, ta ce ɗanta na tari kwana uku, tun safe take jiran likita. Murya ya ba ta haƙuri, ya ce ta kai shi asibiti kada ta jira rediyo. Ta ce to, amma a gaya wa injiniyan nan ita ma ta iya karanta akwati.

Waya ta sake ƙara.

"Salamu alaikum. Ni mai shagon kayan kwamfuta ne. Ina jin muryar kamar ta wani mai ciniki da ya zo wurina sau uku yau."

"Ba ni ba ne," in ji Minti-Biyar.

"Mai cire wa adafta haƙora shida da filaya."

"Biyar ne da ɗaya."

"To shi ne. Ina so in tambaya ne ko baƙin ya yi aiki, don in san ko in rufe shago."

"Ya yi."

"Madalla. Shi ne na farko da na nuna masa da safe, jama'a. A gaida gida."

A bakin ƙofa mai karanta labarai ta toshe baki da gyale. Direba ma ya dawo ya tsaya a baya, hannu a ƙirji.

Kira na uku ya shigo da ƙarar inji da hayaniyar mutane.

"Yaya."

Minti-Biyar ya gane muryar Shiru-Shiru nan take.

"Ni ce. Mun shigo inda ake kama tasharmu. Direban bas ya ƙure rediyo, mu hamsin da biyu ne muke jin ka. Ka taɓa gudun?"

"Na ɗan ƙara mata, ƙanwata. Na ga an ɗaure ta."

"Ita a dubu tara da ɗari shida take magana. Kai kana sauraro a wani gudun. Shi ya sa kake ganin akwatuna."

"Wato ba yare ba ne?" in ji Murya.

"Ba yare ba ne."

"To gaisuwar da ta yi fa?"

 Wani fasinja ne ya amsa daga bayan Shiru-Shiru, aka ji bas ɗin ya kwashe da dariya.

Minti-Biyar ya rufe allon, ya mayar da lambar yadda ya same ta, ya sake buɗewa. Ya buga maɓalli. Layi ɗaya tak ya fito, da Turanci tsararre wanda ko ɗan firamare zai karanta.

"Masu sauraro, rubutu ya fito," in ji Murya. "Injiniya, me ta ce?"

Ya karanta a zuci sau biyu.

"Tambaya take yi."

"Wace tambaya?"

"Ta ce... ko ina so in fara tsara ta yanzu. In ce e, ko in ce a'a."

"Fara? Wato duk na tun safe ba a fara ba?"

"Ƙofa ya buɗe," in ji Shiru-Shiru. "Yanzu ne aikin. Yaya, kana da lambobin da kamfanin intanet ya ba mu?"

"Suna... wurinki."

"Ka san wane kebul ne na ɗakin watsa shiri a cikin sha biyun?"

Ya dubi bayan rauta. Duk kalarsu ɗaya, kamar yadda suke da safe.

"Ka san umarni ko guda ɗaya da ake rubuta mata?"

A rediyo ba abin da ya kai shiru tsawo. Wannan ya kai daƙiƙa goma sha biyu, mutanen ɗakin labarai sun ƙirga. Ɗan farin layin da ke gaban tambayar yana ta ƙyaftawa. Murya ya matso da makirufo har ya kusa taɓa masa leɓe.

"Injiniya, gari na jira. E, ko a'a?"

Minti-Biyar ya miƙa yatsa ɗaya, ya buga haruffa biyu, ya danna.

"Jama'a," in ji Murya cikin muryarsa ta karanta sanarwa, "injiniyanmu ya ce a'a."

Ta cikin wayar aka ji bas guda yana tafi.

Shiru-Shiru ta iso shida da kwata, ko gida ba ta biya ba. Ta ajiye jaka, ta zauna a ƙasa, ta bi kebul ɗaya bayan ɗaya tana manna musu takarda. Kafin bakwai saura intanet ya dawo. Manaja ta rubuta wa likita takardar ban haƙuri mai shafi biyu, aka ɗage hirar zuwa mako mai zuwa. Shi kuwa Minti-Biyar, sai ta karɓi makullin ɗakin na'ura daga hannunsa, ta karɓi filaya, ta tsaya ta yi tunani, ta karɓi cokalin ma.

Ya fito bakin ƙofar gida da jakarsa a kafaɗa. Maigadi na zaune a kan benci da 'yar rediyonsa a cinya.

"Sannu da aiki, Injiniya."

"Yauwa, Baba." Ya ɗan tsaya, ya gyara jaka. "Ka dai ji yadda aka yi. Na'ura sabuwa fil, daga ƙasar waje, ita da kanta ta nemi izinina. Ni na hana."

Maigadi ya gyaɗa kai a hankali.

"Na ji, Injiniya. Har matata ta bugo ta ce ita ma ta ji."